Amiba Mai Shiga ta Hanci: Darasi kan Wankan Tabki a Lokacin Zafi

Gabatarwa

Wannan darasi naku ne, ku iyaye mata da maza, da masu faɗakarwa a ƙauyuka da unguwanni, da malaman makarantu, da ma'aikatan gidajen likita. Batunsa wata cuta ce da ba ta cika aukuwa ba, amma idan ta kama mutum da wuya ya tashi. Cikin kowane mutum 100 da ta kama, fiye da 97 suna rasuwa, galibi cikin ƴan kwanaki. Mai haddasa ta wata ƙaramar halitta ce da masana suka raɗa wa suna Naegleria fowleri, wadda ke zaune a cikin ruwa mai ɗumi marar gishiri, irin na tabki da kududdufi da gulbi. Kafofin watsa labarai kan kira ta amiba mai cin ƙwaƙwalwa.

Kun san halin bazara a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Ruwan tabkuna yakan ja baya ya yi ɗumi, yara kuwa ba abin da ke raba su da shi. Idan damina ta sauka, sai ramukan da aka haƙa don ƙasar gini su cika, su ma su zama wurin wanka. Abu guda muke so ku riƙe tun daga nan: ƙofar wannan cuta hanci ne. Wanda ya hana ruwan da ba a tsabtace ba shiga can cikin hancinsa ya toshe mata hanya.

Mece ce wannan amiba?

Amiba halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Amibobi iri-iri ne, kuma mafi yawansu ba su cutar da kowa. Ita wannan ba ta buƙatar jikin mutum ko na dabba kafin ta rayu. Mazauninta laka ce da taɓon gindin ruwa da ƙasa mai laima, abincinta kuwa ƙwayoyin bakteriya da ke wurin.

Tana da siffa uku. Idan ruwa ya yi sanyi ko ya ƙafe, sai ta dunƙule cikin ɓawo ta yi kwance har yanayi ya gyaru. Idan ruwa ya yi ɗumi kuma abinci ya samu, sai ta fito ta riƙa ci tana rabuwa biyu-biyu, kuma a wannan siffa ce take cutar da mutum. Idan abinci ya yi ƙaranci, takan fitar da ƴan wutsiyoyi ta yi iyo ta sauya wuri.

Halitta ce mai son zafi. Tana iya hayayyafa har cikin ruwan da ɗuminsa ya kai digiri 46, inda wasu halittu da dama ba su iya zama. Hukumomin lafiya na Ostireliya suna ɗaukar duk ruwan da ɗuminsa kan wuce digiri 30 a wani lokaci na shekara, ko wanda kullum yake sama da digiri 25, a matsayin ruwan da za ta iya bunƙasa a cikinsa. Ku auna wannan da ruwan gefen tabkin Madarumfa, ko na Tabalak, ko na Gidimuni, da tsakar ranar bazara. Ba ta rayuwa a ruwan teku saboda gishirinsa, haka kuma ba ta rayuwa a ruwan da aka zuba wa isasshen sinadarin kulorin.

Yadda take shiga jiki

A can saman kogon hanci, tsakanin idanu biyu, akwai wani siririn ƙashi mai ƙananan huji kamar rariya. Ta waɗannan huji ne jijiyoyin jin ƙamshi da wari suke ratsawa daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ruwa mai ɗauke da amiba ya shiga da ƙarfi har ya kai wannan wuri, sai ta manne, ta bi jijiyoyin ta tsallake rariyar, ta isa ƙwaƙwalwa. Da isarta sai ta fara hayayyafa tana lalata naman ƙwaƙwalwa. Jiki kuwa wajen yaƙi da ita sai ya haddasa kumburi mai tsanani. Da yake ƙoƙon kai ba ya buɗewa, kumburin ya kan matse ƙwaƙwalwa, kuma wannan matsi shi ne mafi yawan lokaci yake kashe majinyaci.

Daga wannan bayani ku fahimci abubuwa uku. Na farko, shan ruwan ba ya kawo wannan cuta, domin ciki ba hanyarta ba ce. Na biyu, ba a ɗaukarta daga majinyaci, saboda haka babu dalilin ƙyamarsa ko gudun jinyarsa. Na uku, irin shigar da aka yi wa ruwa ita ce ke bambanta haɗari. Wanda ya tsaya a gefe ya ɗebi ruwa ya wanke jikinsa ba ɗaya yake da wanda ya diro daga kan reshe ko gaɓa ba, ko wanda ya yi nutso, ko yaran da ke danna kan junansu cikin ruwa. Tattaka taɓon gindin ruwa ma yana ƙara haɗari, domin yana tayar da amibar daga inda take kwance ta gauraya da ruwan.

Abin da aka koya a wasu ƙasashe

Likitoci biyu, Fowler da Carter, su ne suka fara bayyana cutar a shekarar 1965 a kudancin Ostireliya, kuma daga sunan na farkon aka samo sunan amibar. A can an gano cewa ruwan famfo da ake turawa cikin dogayen bututu a saman ƙasa yana yin zafi a hanya, kulorin ɗinsa ya ƙare, amibar ta samu wurin zama. Da aka gyara yadda ake sa wa ruwan magani sai cutar ta lafa. A ƙasar Cek ta yanzu kuwa, tsakanin 1962 da 1965, mutum 16 suka rasu bayan sun yi wanka a wurin iyo guda ɗaya na cikin gari wanda ruwansa ke da ɗumi.

A Amurka, inda aka fi adana lissafi, an tabbatar da kamuwar mutum 154 daga 1962 zuwa 2021, kuma huɗu kaɗai suka rayu. Mafi yawansu yara ne maza da samari, sun kamu a watannin zafi, musamman a jihohin kudu irin su Tekzas da Fulorida. Wannan lissafi yana koya mana abu biyu. Cutar ba ta da yawa, domin miliyoyin mutane ne suke wanka a waɗannan tabkuna kowace shekara. Sannan waɗanda take kamawa galibi lafiyayyu ne masu ƙarfi. Yaro ya ci ya ƙoshi, ma'aunin damtsensa yana kan kore, duk wannan ba ya kare shi daga gare ta.

A birnin Karaci na Pakistan lamarin ya zo da wata fuska. Tun daga 2008 likitoci suka riƙa ganin majinyata, mafi yawansu manyan maza, waɗanda ba su shiga tabki ko kogi ba. Bincike ya karkata ga ruwan famfo da na tankunan gida da ba su da isasshen kulorin, wanda ake shaƙa wajen alwala. Haka a jihar Luwiziyana ta Amurka, a 2011, mutum biyu suka rasu bayan sun wanke kogon hancinsu da ruwan famfo. Kusa da mu kuwa, likitoci a Zariya sun ba da rahoton wannan cuta tun ƙarshen shekarun 1970. Ke nan amibar ba baƙuwar yankinmu ba ce.

Alamomin cutar

Alamomi kan bayyana tsakanin kwana 1 zuwa 12 bayan ruwa ya shiga hanci, galibi wajen kwana 5. Da farko za ku ga:

1. Matsanancin ciwon kai, musamman a goshi.
2. Zazzaɓi mai zafi.
3. Tashin zuciya da amai.
4. Wani lokaci majinyaci ya ce ƙamshi ko ɗanɗanon abu ya sauya masa.

Ba da jimawa ba sai waɗannan su biyo baya:

1. Sandarewar wuya, har majinyaci ya kasa sunkuyar da kai.
2. Ƙin haske.
3. Ruɗewa da sambatu, da ganin abin da babu shi.
4. Jijjiga da taune-taune.
5. Doguwar suma.

Ga jariri, ku lura da kumburin maɗiga, da ƙin nono, da kukan da ba ya jin rarrashi. Daga bayyanar alamomi zuwa rasuwa yakan ɗauki kwana 1 zuwa 18, galibi wajen kwana 5. Cuta ce mai sauri, ba ta jiran ranar kasuwa ko dawowar maigida daga tafiya.

Dalilin da ya sa ake rikita ta da wasu cututtuka

Duk wanda ya karanta alamomin nan zai ce ai sanƙarau ne, kuma yana da hujja. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ya fi addaba a Afirka, kuma lokacinsa, daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, ya haɗu da lokacin da ruwan tabkuna ya fi ɗumi. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yana zuwa da zafin jiki da jijjiga da suma. Ko a ɗakin awo, ruwan ƙashin bayan da aka ɗebo daga majinyacin amiba yana kama da na mai sanƙarau. Sai dai maganin sanƙarau da na zazzaɓin cizon sauro ba su kashe wannan amiba, allurar rigakafin sanƙarau ma ba ta kare mutum daga gare ta.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan kun kai yaro gidan likita da waɗannan alamomi, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya ko yaron ya yi wanka a tabki ko kududdufi ko gulbi cikin mako biyun da suka wuce, ko da bai tambaye ku ba. Yara da yawa suna ɓoye zuwa tabki don tsoron bulala. Ku tambaye su cikin lalama, ku tambayi abokan wasansu da abokan kiwonsu. Wannan magana guda tana iya karkatar da hankalin likita zuwa inda cutar take.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, ku sa wannan tambaya cikin tambayoyinku ga duk mai alamun sanƙarau. Idan ruwan ƙashin baya ya nuna kumburi amma awo bai nuna bakteriya ba, ko majinyaci yana ƙara taɓarɓarewa duk da magani, ku tuna da amiba. Ana iya ganinta tana motsi idan aka duba ɗanyen ruwan ƙashin baya da madubin likita nan take, ba tare da an sa shi cikin firiji ba, domin sanyi yana tsayar da motsinta. Irin wannan majinyaci na babban asibiti ne, a tura shi ba tare da jinkiri ba, a kuma ci gaba da ba shi maganin sanƙarau a hanya kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Akwai wani abu kuma da ke jawo jinkiri a garuruwanmu. Idan yaro ya dawo daga tabki, bayan ƴan kwanaki ya fara sambatu da fizge-fizge, sau da yawa akan ce iskokin ruwa ne suka taɓa shi, sai a zauna gida ana turare da rubutu har kwana biyu ko uku su wuce. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. Ku yi addu'arku a kan hanya, ku yi ta a bakin gadon majinyaci. Ko amiba ce, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro, dukkansu awoyin farko ne ke raba rai da mutuwa.

Magani

Maganin cutar yana da wuya, kuma a babban asibiti kaɗai ake iya yinsa. Ana haɗa magunguna da dama a lokaci guda. Babbansu shi ne amfoterisin B, wanda ake bayarwa ta jijiya, wani lokaci har ta cikin ruwan ƙashin baya. Ana ƙarawa da wasu, cikinsu har da miltefosin, tare da ƙoƙarin rage kumburin ƙwaƙwalwa. Ƴan kaɗan ɗin da suka rayu kusan duk an gano cutarsu da wuri. A 2013 wata yarinya ƴar shekara 12 a jihar Arkansas ta Amurka ta warke sarai, bayan an gano cutar kuma aka fara yi mata magani cikin kwana biyun farko na ciwonta. Babu allurar rigakafin wannan cuta. Don haka a nan maganar magabata ta tabbata, rigakafi ya fi magani.

Rigakafi a bakin ruwa

Mun san ba zai yiwu a raba mutanenmu da tabki ba. Masunci can abincinsa yake, makiyayi can yake shayar da dabbobinsa, mata can suke wanki. Abin da ake nema shi ne a sauya yadda ake shiga ruwan.

1. A lokacin tsananin zafi, ku hana yara iyo a ruwan da ke tsaye, marar zurfi, mai ɗumi.
2. Wanda ya shiga ya bar kansa a sama. Ban da dirowa daga tudu, ban da nutso, ban da wasan danna kai.
3. Wanda aikinsa ya tilasta masa nutso ya toshe hancinsa da yatsu, ko da abin matse hanci idan ya samu.
4. Kada a tona ko a tattaka taɓon gindin ruwa a inda ake wanka.
5. Ku ɗebo ruwa a bokiti ku yi wa ƙananan yara wanka a gefe, kuna kare fuskarsu. Kada a ɗura wa jariri ruwa a hanci.
6. Kada ku dogara da ganin ido. Ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da amibar, ba ta sauya masa launi ko wari.

Yaron da aka hana shiga kududdufi ya kuma sami sauƙin wasu haɗurra biyu da suka fi wannan cuta yawa nesa ba kusa ba, wato nutsewa a ruwa da tsargiya mai sa fitsarin jini.

Rigakafi a gida da wajen alwala

Darasin Karaci ya shafe mu, domin mu ma muna shaƙa ruwa sau da yawa a yini, kuma muna ajiye ruwa a tankuna da durom da jarkoki da butoci waɗanda rana ke duka. Kulorin yana gushewa daga ruwan da ya daɗe a ajiye cikin zafi, laka kuma tana taruwa a gindin mazubi. Ga abin da ya kamata:

1. Ruwan da za a shaƙa, ko a wanke hanci da shi saboda mura, ya zama wanda aka tafasa. A bar shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ya huce, a ajiye shi a rufe.
2. Idan itace ya yi wuya, a yi amfani da ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardarta, a jira minti 30. Ruwa mai gurɓi a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta kafin a sa maganin, domin laka tana cinye ƙarfin kulorin.
3. Ku riƙa zubar da ragowar ruwan buta, ku wanke ta, ku ajiye ta a inuwa.
4. A riƙa kwashe lakar gindin tanki da durom, a wanke su, a rufe bakinsu. Kwamitin masallaci da na makaranta su ɗora wa wani wannan aiki.
5. Wanda alwala ta kama shi a daji, ba shi da ruwa sai na tabki, kada ya ja ruwan da ƙarfi har can cikin hanci.

Kada ku haɗa ta da amibar ciki

Da yawa daga cikinku kun saba jin likita ya ce an ga amiba a bayan gidan yaro. Waccan wata amiba ce daban, sunanta Entamoeba histolytica. Ita ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta zauna a hanji ta haddasa atuni, wato zawo mai jini da majina, wani lokaci har ta kai ga hanta. Ta fi ta hanci yawa ƙwarai, kuma ita ce ke da alaƙa da tamowa, domin zawon da ya daɗe yana hana jikin yaro amfana da abin da ya ci. Tana da magani a gidajen likita, kuma ana warkewa. Don haka idan aka ce ɗanku yana da amiba a ciki, kada hankalinku ya tashi ku zaci mai taɓa ƙwaƙwalwa ce. Ku ba shi magani har ya ƙare, ku ci gaba da ba shi nono da abinci da ruwan gishiri da sukari na asibiti. Tafasa ruwa yana kashe su duka biyun.

Tambayoyin bita

Masu faɗakarwa, ku yi amfani da waɗannan tambayoyi a ƙarshen zama da jama'a, ku bar su su amsa da bakinsu:

1. Ta wace ƙofa wannan amiba take shiga jiki?
2. Shin shan ruwan tabki yana kawo ta? To wace cuta yake kawowa?
3. Waɗanne wasanni ne a cikin ruwa suka fi haɗari?
4. Wace magana ce ya wajaba a faɗa wa ma'aikacin lafiya idan yaro ya zo da ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya?
5. A ina butocin gidanku da na masallacinku suke yini, kuma wa ke wanke su?

Ku fara wannan faɗakarwa tun kafin zafi ya kankama, ku maimaita ta idan ruwan farko ya sauka. Ku kai ta makarantun boko da na allo, da majalisun samari, da bakin tabki inda makiyaya ke haɗuwa. Ku nemi liman da maigari su ƙara muryarsu a kan taku, domin yaran da ke dirowa cikin ruwa sun fi jin magana idan ta fito daga bakuna da yawa. Allah Ya kare mu da zuriyarmu.